Kama da Wane Ba Ta Wane: Lacca a Kan Boltin Jirgin Sama

 

An ba ni dama in yi magana a kan injin jet ko a kan kwamfutocin da ke tuƙa jiragen zamani, na ce a bar ni da bolti. Na san wasunku sun so a ce babban abu za a tattauna. To ku yi haƙuri. Injin jet ba a bai wa sabon shiga ya buɗe shi, amma bolti tun makonku na farko a rumfar gyara za a miƙo muku shi, kuma daga ranar ran mutane ya shiga hannunku ko kun sani ko ba ku sani ba.

Ranar 10 ga Yuni, 1990, da safe, wani jirgin British Airways ƙirar BAC One-Eleven ya tashi daga Birmingham ta Ingila zuwa Malaga a ƙasar Sifen, da fasinja 81 da ma'aikata shida. Yana cikin hawa, ya ɗan wuce ƙafa 17,000, sai gilashin gaba na ɓangaren kyaftin ya ɓalle ya yi waje. Iskar da ke matse a cikin jirgin ta fita a guje, ta fizge kyaftin ɗin, Tim Lancaster, daga kujerarsa, ta fitar da rabin jikinsa ta tagar. Wani ma'aikacin jirgin mai suna Nigel Ogden ya yi wuf ya rungume shi, daga baya abokan aikinsa suka kama masa, suna riƙe da ƙafafun mutumin da suke zaton ya riga ya cika. Mataimakin matuƙi, Alastair Atchison, shi kaɗai ya sauke jirgin a Southampton bayan kamar minti ashirin. Ba wanda ya rasu. Kyaftin ya sha karaya da ƙunar sanyi, amma cikin 'yan watanni ya koma bakin aiki.

Wannan shi ne ɓangaren da 'yan jarida ke so. Namu ɓangaren ya faru ne sa'o'i 27 kafin nan, cikin dare, a rumfar gyara.

Bolti 90 ke riƙe da gilashin, kuma ta waje ake ɗaura shi, wato duk matsin iskar cikin jirgi a kan boltin nan yake sauka. Wanda ya canja gilashin ba yaro ba ne. Shugaban aikin dare ne, ya daɗe a sana'ar, kuma an shaide shi da ƙwazo. Ma'aikata sun yi ƙaranci a daren, jirgin kuma ana jiransa, sai ya ɗauki aikin da kansa. Ya kwance tsofaffin boltin, ya ga wasu sun lalace, ya yanke shawarar sa sababbi. Maimakon ya buɗe kundin sassan jirgin ya duba lamba, sai ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ya cire ya tafi sito ya kwatanta. Idonsa ya ce masa A211-7D ne, kuma idon bai yi ƙarya ba, 7D ɗin ne. Abin da bai sani ba shi ne, wanda ya sa gilashin kafin shi ma kuskure ya yi: lambar da kundi ya ce ita ce 8D. Mai sito ya faɗa masa haka da bakinsa, ya ce 8D ake sa wa wannan gilashi. Bai bi ta kansa ba, don ga abin da ya fito daga jirgin a hannunsa.

Waɗanda ke siton ba su isa ba, sai ya tafi wani wurin ajiya inda haske bai wadata ba, kuma bai sa tabaransa ba. Nan ma ya kwatanta da ido da yatsa, ya kwaso 84 waɗanda ba 7D ba ne, ba kuma 8D ba. 8C ne, kaurinsu ya gaza da inci 0.026, wato kamar milimita 0.66. Sauran shidan kaurinsu daidai ne amma tsawonsu ya gaza da milimita biyu da rabi. Da yana ɗaurawa, tiredin siririn boltin yana zamewa a cikin noti, shi kuwa ya ji a hannunsa kamar abin ɗaurin ne ya kai ma'auninsa ya saki. Kan kowane bolti ya nutse cikin gurbinsa fiye da ƙima, bai lura ba. Da ya gama, shi ya duba aikinsa, shi ya sa hannu, domin a lokacin ba a sa gilashin nan cikin ayyukan da dole sai mutum na biyu ya duba ba.

Ku lura, babu lalaci a labarin nan, babu sata, babu rashin iya aiki. Abin da ya kusa kashe mutum 87 shi ne amincewa da ido.

A garejin mota muna girmama makanikin da zai jujjuya noti a tafin hannu ya ce sha uku ne, kuma ya zama sha ukun. Ni ma ina girmama shi, baiwa ce. Da yawanku kun taso a irin wannan gareji, hannunku ya faɗa, kuma zai amfane ku. Sai dai a wurin zaɓen boltin jirgi, wannan baiwar ita ce abar tsoro, don ita ke sa mutum ya ga buɗe littafi ɓata lokaci ne. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Boltin jirgi da lamba ake zaɓensa, lambar kuma daga kundin sassan wannan jirgin take fitowa, ba daga abin da ka tarar a cikin ramin ba. Abin da ka tarar yana iya zama kuskuren wani ne ka gada.

To bari mu koyi karanta lambar. Mafi yawan ƙananan jirage, irin waɗanda ake koyon tuƙi da su, da boltin AN aka haɗa su. Ƙa'ida ce da sojojin Amurka suka shimfiɗa tun zamanin yaƙin duniya na biyu, don boltin da aka ƙera a wannan kamfani ya shiga jirgin da aka ƙera a wancan. Jirgin koyo na Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin sojojin samanmu, kimanin guda 60, a kan zanen jirgin RV-6A na Amurka aka yi shi, don haka wannan lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Bayan AN akwai MS da NAS, waɗanda suka zo daga baya. Wasunsu sun maye gurbin tsofaffin lambobi, wasu kuma na ayyukan da suka fi buƙatar ƙarfi ne.

Ɗauki AN4-14A. Lambar da ke bin AN kauri ce, ana ƙirga ta da kashi sha shida na inci. Huɗu cikin sha shida rubu'in inci ke nan. AN3 kusan uku cikin sha shida, AN6 shida cikin sha shida, haka har zuwa AN20. Lambar da ke bayan ɗan layin kuwa tsawo ce, amma ita da kashi takwas na inci ake ƙirga ta. In lamba ɗaya ce, kamar 7, to bakwai cikin takwas ne. In biyu ce, ta farko inci ce cikakkiya, ta biyu kashi takwas-takwas. Wato 14 ba sha huɗu ba ne, inci ɗaya ne da huɗu cikin takwas, kusan inci ɗaya da rabi. Shi ya sa ba za ku taɓa ganin 8 ko 9 a ƙarshe ba; daga 7 sai 10, daga 17 sai 20. Harafin A na ƙarshe yana nufin ba a huda wutsiyar boltin ba. In babu A, akwai huda ta fil. In kuka ga H bayan lambar kauri, kan ne aka huda domin waya. C ƙarfe ne marar tsatsa, DD alminiyom ne.

Kan boltin ma yana magana. Gicciye ko tauraro, ƙarfe ne mai gauraye da aka gasa. Ɗan layi ɗaya, marar tsatsa. Layi biyu, alminiyom. Alwatika, bolti ne da aka goge jikinsa zuwa awo mai tsanani, wanda ba ya shiga rami sai an ɗan buga shi, ana sa shi inda nauyi ke kai-komo da jijjiga. Wanda kansa ba alama ko ɗaya, ku ajiye shi gefe, ba na jirgi ba ne har sai takarda ta nuna akasin haka.

Akwai tarkon da ya fi shafarmu a nan fiye da Amurkawa. Mu ƙasar milimita ce, mafi yawan jiragen yamma kuwa, har da yawancin na Airbus, boltinsu na inci ne, alhali jiragen Rasha kamar helikwafta Mi-35 na milimita ne. AN3 kaurinsa milimita 4.83 ne, tazarar tiredinsa kuma ta kusa zama ɗaya da ta M5. Zai shiga notin M5 lafiya lau, ya murɗu, har ya yi kamar ya kama. Bai kama ba, bakin tiredin ne kawai ya taɓa. A rumfar da ake gyaran jiragen gabas da na yamma, kada ma a yarda akwatunansu su zauna a kanta ɗaya.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi daga ɓangaren fasaha. Ku dubi boltin jirgi, za ku ga tiredinsa gajere ne a can wutsiya, sauran jikin sumul. Ba rowar tiredi aka yi ba. Iri biyu ne na nauyi ke hawa bolti: ko a ja shi ta tsawonsa kamar za a tsinke shi, ko faranti biyun da ya haɗa su zame wa juna su nemi datse shi ta gefe. A jikin jirgi na biyun ya fi yawa. Wurin da aka yi tiredi ya fi siriri, kuma kowane kwarin tiredi wuri ne da tsaga ke son farawa. Saboda haka ƙa'ida ita ce sumul ɗin jikin ya cika kaurin abin da ake haɗawa, tiredi ya tsaya a waje. In tiredi ya faɗa cikin rami, abu biyu za su faru: boltin zai ɗauki nauyi da wurin da ya fi rauni, sannan haƙoran tiredin za su riƙa cin bangon ramin, ramin ya faɗaɗa, haɗin ya fara motsi.

In kuma sumul ɗin ya yi tsawo ya leƙo waje da yawa, noti zai je ya tokare a ƙarshen tiredi. Sifanarka za ta ce maka ya ɗauru, alhali farantan ba su matsu ba. Wannan ya fi na farko haɗari, don yana ba ka shaidar ƙarya. Maganinsa washa, amma da iyaka: jimlar kaurinsu kada ta wuce ɗaya cikin takwas na inci. In ka ga kana neman ta huɗu, ba washa kake buƙata ba, bolti ka ɗauko ba daidai ba. Bayan an ɗaure, aƙalla zagaye ɗaya na tiredi ya leƙo bayan noti. Kuma inda hali ya yi, kan bolti ya kalli sama ko gaba, don ko noti ya faɗi, boltin ya zauna a raminsa. Na ce inda hali ya yi. In littafin jirgin ya ce a juya shi, akwai dalili, wataƙila wutsiyar za ta gogi wayar tuƙi ne.

Kullum sai an yi mini tambayar nan, don haka bari in amsa tun ba a yi ba. Malam, boltin da ke Ƙofar Ruwa ko Panteka mai lamba 10.9 ai ya fi AN ƙarfi, me zai hana a sa shi? A takarda gaskiya ne. Boltin AN na ƙarfe yana jure fam 125,000 a kan kowane murabba'in inci, kamar megafaskal 860 ke nan, shi kuwa 10.9 na ainihi ya haura 1,000. Kuma ba na raina boltin kasuwa, yana riƙe da tirela daga Legas zuwa Maraɗi. Amma ƙarfi ba shi kaɗai ake nema ba. AN4, ɗan rubu'in incin nan, yana ɗaukar ja na sama da kilo 1,800 kafin ya tsinke, kuma injiniyan da ya zana jirgin da wannan adadin ya yi lissafi, da wannan kaurin, da wannan tsawon tiredin, da wannan lanƙwasar da ke ƙarƙashin kai. An kuma so ƙarfen ya zama mai ɗan haƙuri, ya lanƙwashe ya nuna alama kafin ya karye. Boltin kasuwa tiredinsa dogo ne, kaurinsa yana da sassauci, kuma uwa uba, ba wanda zai iya gaya maka daga wace tukunya aka narko ƙarfensa, wa ya gasa shi, wa ya gwada. Lambar da ke kansa iƙirari ne kawai. Haka nan kada ka ce za ka kyautata wa jirgi ka sa NAS inda aka ce AN don ya fi ƙarfi. Wasu boltin masu ƙarfi lanƙwasar ƙarƙashin kansu babba ce, sai da washa mai gurbi ta musamman; ka sa washa ta kullum, bakinta zai yanki wuyan boltin tun ranar farko.

Sai ɗauri. A nan ne ƙarfin damtse ke ɓata aiki. Bolti idan aka ɗaure shi miƙewa yake yi kaɗan, miƙewar da ido ba ya gani, kuma ƙoƙarinsa na komawa shi ke matse farantan. Ku tuna igiyar da ake ɗaure kaya da ita a bayan a-kori-kura. In ta ɗame, kaya da mota sun zama abu ɗaya, rami ba ya dame ta. In ta yi sako-sako, duk ramin da aka faɗa sai kaya su yi tsalle su fizge ta, fizga bayan fizga, har ta tsinke, ba don nauyin ya fi ƙarfinta ba. Haka bolti marar ɗauri yake mutuwa, da abin da muke kira gajiyar ƙarfe: 'yar tsaga ta fara a kwarin tiredi ko ƙarƙashin kai, ta riƙa ci a hankali, tashi bayan tashi, rana ɗaya ragowar ta ɓalle. Wanda aka ɗaure fiye da ƙima kuma ya riga ya miƙe miƙewar da ba ta komawa, ya cinye wani ɓangare na ƙarfinsa tun jirgi bai motsa ba.

Adadin zai ba ku mamaki. A teburin da hukumar jiragen saman Amurka ta bayar cikin littafinta AC 43.13-1B, wanda ake komawa gare shi in mai ƙera jirgin bai faɗi nasa ba, AN3 inci-fam 20 zuwa 25 ne kawai. AN4 50 zuwa 70, AN5 100 zuwa 140, AN6 160 zuwa 190. Na AN3 ɗin nan da yatsu biyu a kan ƙaramar sifana za ka wuce shi. Wanda ya saba da notin taya, in bai riƙe sifana mai awo ba, wallahi sai ya ninka shi ba tare da ya ji ya yi wani ƙoƙari ba. In kuma notin siriri ne, irin na nauyin gefe, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 60 cikin ɗari.

Kuma waɗannan lambobi na busasshen tiredi ne mai tsabta. Kusan kashi tara cikin goma na ƙarfin da kake murɗawa gogayya ce ke cinye shi, a tiredi da ƙarƙashin noti. Ɗan ragowar ne ke miƙa boltin. Ka ɗiga mai, gogayya ta ragu, sifana ta nuna adadin da ka saba, amma boltin ya miƙe fiye da yadda aka so. Ka bar ƙurar hunturu a tiredi, sai akasin haka ya faru. Akwai wurare, musamman cikin injin, da littafi zai ce a shafa mai, ya faɗi irin man, wani wurin ma ba murɗi ake aunawa ba, tsawon boltin ake aunawa kafin da bayan ɗauri. Bi abin da ya ce. Sifana mai awo kuma ita ma tana da ranar gwaji a jikinta. In ranar ta wuce, ko ta faɗi ƙasa, sanda ce kawai.

Jirgi jijjiga yake yi tun daga tayar da inji har kashe shi, don haka kowane noti sai an kulle shi. Hanya uku aka fi bi. Akwai noti mai roba a baki, wanda ke riƙe tiredi da kansa. Iyakarsa zafin digiri 121 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka ba ya shiga kusa da inji ko salansa. Can sai mai kulle na ƙarfe zalla. In ka iya murɗa shi da yatsa har ya wuce robar, ya gama aiki, jefar. Akwai noti mai haƙora a ka, wanda ake zura wa fil mai ƙafa biyu ta hudar wutsiyar bolti. Shi ake sawa duk inda haɗin ke juyawa, kamar mahaɗar sandunan tuƙi. In haƙoran ba su yi daidai da huda ba, ka fara daga ƙaramin adadin ɗauri ka ƙara a hankali, kada ka wuce babban. In har yanzu bai dace ba, canja washa ko noti. Ba a sassautawa don huda ta fito, kuma fil ba a sa shi sau biyu. Na uku waya ce, wadda ake zurawa ta hudar kai a murɗa, murɗi shida zuwa takwas a kowane inci ga wayar da aka fi amfani da ita. Abin dubawa a nan ɗaya ne: in boltin ya nemi kwancewa, wayar za ta ƙara ɗamewa ko za ta saki? Na sha ganin waya mai kyan murɗi, kamar kitson amarya, an ja ta ta ɓangaren da ke taya bolti kwancewa.

Kada ku raina washa. Ranar 20 ga Agusta, 2007, jirgin China Airlines ƙirar Boeing 737-800 ya sauka lafiya a Naha ta tsibirin Okinawa a Japan, ya je ya tsaya, sai wuta ta kama shi. Mutum 165 da ke ciki sun fita da ƙyar kafin ya fashe. Bincike ya gano cewa a wani gyara da aka yi makonni kafin nan, washa ɗaya ta bar wurinta a boltin da ke tare maƙallan gaban fiffike. Notin ya fi ramin ƙanƙanta, washar ce ke hana shi wucewa. Da babu ita, boltin ya zare ya faɗa cikin hanyar maƙallin, da aka janye shi bayan sauka sai ya tura boltin ya huda tankin mai.

Launin ruwan gwal ko na azurfa da kuke gani a boltin AN rufin kadmiyom ne, yana ba da kansa ga tsatsa don ƙarfen ya tsira. Yana da sharuɗɗa. Ba ya son zafin da ya wuce digiri 230, don yana iya ratsa ƙarfen ya sa shi gautsi. Ba ya shiri da titaniyom, yana sa shi tsagewa. Jiragen da aka yi jikinsu da zaren kabon, irin su Boeing 787 da Airbus A350, da titaniyom aka fi ɗaure su, domin kabon na cinye alminiyom da kadmiyom in danshi ya shiga tsakani. Kada kuma wani ya ga rufin bolti ya goge ya kai shi wurin masu rufin ƙarfe na gari. Aikin rufin yana cusa haidurojin cikin ƙarfe, in ba a gasa shi an fitar ba, boltin zai iya karyewa yana zaune. Ƙurar kadmiyom kuma guba ce. Kada ku goge shi da burushin waya, kuma ku wanke hannu kafin ku ɓare goro.

Na bar takarda a ƙarshe da gangan, don ita ce ɗalibai suka fi ƙi. Ranar 8 ga Satumba, 1989, jirgin Partnair ƙirar Convair 580 ya tashi daga Oslo zuwa Hambug, ya wargaje a sama kusa da gaɓar Denmak, mutum 55 suka rasu. Da aka tsamo tarkacen daga teku, aka tarar uku daga cikin bolti huɗu da ke riƙe da jelar jirgin jabu ne. Kamanninsu daidai, awonsu daidai, amma ba a gasa su yadda ya kamata ba, ƙarfinsu bai wuce kamar kashi 60 cikin ɗari na abin da ake buƙata ba. Sun ci, jelar ta fara rawa, jijjigar wani ƙaramin inji da ke can baya ta haɗu da tata. Babu idon da zai gane wannan, babu ma'aunin kauri da zai nuna. Abin da kawai ke tsakaninka da irin wannan bolti shi ne takardar shaidar da ta biyo shi, mai lambar rukunin da aka ƙera shi a ciki, wadda za a iya bi har ƙofar masana'anta. Ita ma takardar ana yin jabunta. A 2023 an gano wani dillali a Landan, AOG Technics, yana sayar da sassan injin CFM56 da takardun bogi, har kamfanoni suka riƙa sauke jirage suna cire su. Don haka in farashi ya yi araha fiye da hankali, ko dillalin ba a san shi ba, a tuntuɓi wanda aka ce shi ya ba da takardar.

Takarda ta biyu ita ce taka. A ranar 5 ga Janairu, 2024, wani sabon Boeing 737 MAX 9 na Alaska Airlines ya tashi daga Portland, 'yan mintoci kaɗan sai murfin wata ƙofa da aka toshe ya fice. Allah ya sa babu kowa a kujerun da ke jikinsa. Bolti huɗu ne ke hana murfin zamewa sama, kuma ba karyewa suka yi ba, babu su ne gaba ɗaya. An buɗe murfin a masana'anta don gyara wasu ƙusoshi a gefensa, ba a rubuta an buɗe ba, don haka ba a tura kowa ya duba an mayar ba. Jirgin ya yi tashi sama da 150 a haka. Masana'antar Boeing ke nan, ba rumfar wani ƙaramin kamfani ba. Duk abin da ka kwance, rubuta tun kafin ka kwance na gaba, ka zuba boltinsa a jaka ka rataye a jikin wurin. In lokacin tashinka ya yi aiki bai ƙare ba, kada ka bar wa mai karɓarka saƙon baki.

Saura abu ɗaya, kuma ya shafe mu ƙwarai, mu da ba mu iya zubar da ƙarfe ba. Boltin da ka cire don ya miƙe, ko ya yi tsatsa, ko littafi ya ce sau ɗaya ake amfani da shi, kada ka jefa shi a aljihun rigar aiki ko gwangwanin da ke ƙasan akwatinka don wata rana. Wata ranar tana zuwa, da ƙarfe uku na dare, sito a rufe, jirgin alhazai na jira. Kada kuma ka bar shi ya tafi wurin 'yan gwangwan da kamanninsa, don wani zai wanke shi ya sa a leda. Ka sa zarto ka raba shi biyu, ko ka daddake tiredin da guduma, sannan ka rubuta a takarda cewa ka lalata shi.

Shugaban taro ya nuna mini agogo. Na zo da bolti guda shida a cikin wannan tire, biyu daga ciki ba su cancanci shiga jirgi ba. Bayan tambayoyi, duk mai so ya zo ya duba, akwai ma'auni da kundi a kan tebur.